Gaggawa Daban, Hanzari Daban

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, kwanakin baya wani ɗalibina ya zo mini da tambaya. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ba wata hanya da mutum zai ƙware a nahawu cikin wata uku?" Na ce da shi, "Ɗana, komai gaggawar ungozoma ta bari a haihu." Sai ya ce ai zamani ne na sauri, wanda ya tsaya an bar shi a baya. Maganar nan tasa ita ce mafarin bayaninmu na wannan mako.

To, lalle mu rarrabe abu uku. Gaggawa ita ce neman abu tun lokacinsa bai yi ba. Nawa ita ce barin lokacin ya wuce. Hanzari kuwa shi ne aikata abu da zarar lokacinsa ya yi. Saboda haka ne malamai suka kwaɗaitar da hanzari wajen tuba, da biyan bashi, da suturta mamaci, da ciyar da baƙo, amma suka yi horo da natsuwa wajen fatawa da hukunci da ɗaukar labari.

Mu dubi magabata. Alƙur'ani mai girma an saukar da shi kaɗan-kaɗan cikin shekara 23. Imamu Buhari ya yi shekara 16 yana tace Sahihinsa. Ibnu Hajar ya fara sharhinsa, Fathul Bari, a shekara ta 817 bayan Hijira, bai kammala ba sai 842. A zaurukanmu ma ba a kai ɗalibi ga Risala sai ya bi ta Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ba a ɗora masa Alfiyya sai Ajurumiyya ta zauna.

Yau fa? Marubuci yakan rubuta babi da dare, ya saki a waya kafin asuba, domin masu karatu suna ƙorafin ya daɗe. Bai sake dubawa ba, balle ya nuna wa na gaba da shi. Mafi muni shi ne labari: saƙo ya iso an ce wane ya yi kaza, kafin mu kai ƙarshensa mun aika wa mutum ɗari. In ta bayyana ƙarya ce, wa zai bi su ɗaya-ɗaya ya wanke wanda aka ɓata? Mutuncin da aka yi shekara arba'in ana ginawa sai ya rushe tsakanin Azahar da La'asar.

Wani zai ce, ashe Alhaji Abubakar Imam ba cikin wata shida ya rubuta Magana Jari Ce a Zariya a 1936 ba? Haka ne. Amma kafin nan ya yi karatun allo, ya yi Kwalejin Katsina, ya koyar, ya kuma riga ya rubuta Ruwan Bagaja. Wata shidan nan girbi ne, noman ya daɗe da yi. Ke nan aibin ba ga saurin alƙalami yake ba, yana ga wanda yake son girbi bai yi shuka ba.

Haka kuma kada malalaci ya fake da wannan bayani. Wanda ya riƙe haƙƙin lebura har ya kwana, yana cewa sannu ba ta hana zuwa, wannan zalunci ne, ba natsuwa ba.

Ma'aunin dai shi ne mutum ya tambayi kansa: in na jinkirta, wa zai cutu? In na gaggauta, wa zai cutu? In jinkirin ne zai cuci wani, to, ya tashi yanzu. In kuwa gaggawar ce, ya dakata ya bincika.

Ɗalibin nan nawa yana nan, mun kai babin fa'ili. Allah Ya ba mu natsuwa, Ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.