Sunan Wa Ya Cancanci Titi?

Titi na kowa ne. Mai tallan goro na bi, mai amalanke na bi, amarya na bi a kai ta ɗakinta, makara ma ta nan take wucewa. Saboda haka duk ranar da hukuma ta kafa allo a bakin hanya ta rubuta sunan wani, ta ɗora wa harshen dubban mutane furta wannan suna kullum, har da waɗanda ba a haifa ba tukuna. Wannan ne ya sa raɗa wa titi suna ya zama batun adalci. Tambayar kuwa takan ƙara nauyi a wuri irin Rogo Ruma, cikin masarautar Ƙaraye, inda mafi yawan jama'a Musulmi ne: idan wani Fasto na cocin Baptis ya ƙare rayuwarsa yana hidima a garin, ya dace a sa wa titi sunansa?

Ta fuskar doka hanya a buɗe take. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba ƙananan hukumomi ikon sa wa tituna suna da ba gidaje lamba, sashe na 42 kuma ya hana a tauye ɗan ƙasa saboda addininsa. Amma doka iyakarta ta ce an halatta; ba ta faɗin wanda ya cancanta. Wannan aikin lamirin jama'a ne.

Wanda bai yarda ba yana da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Zai ce karrama mutum yabon aikinsa ne, aikin Fasto kuwa wa'azin aƙidar da mafi yawan masu bin titin ba su yi imani da ita ba. Sai dai a birnin Kano akwai Church Road a Sabon Gari da Mission Road a Bompai, kuma shekara da shekaru Musulmi suna yi wa baƙi kwatance da su ba tare da wani abu ya taɓa imaninsu ba. Tarihin Musulunci ma bai hana tuna alherin wanda ba Musulmi ba. Bayan yaƙin Badar, Annabi (SAW) ya ambaci Muɗ'im bin Adiyyi da halacci saboda mafakar da ya ba shi lokacin da ya dawo daga Ɗa'ifa, alhali Muɗ'im ya rasu bai musulunta ba. Yaba kyauta tukwici ne, kuma ba a tambayar mai kyauta inda yake ibada kafin a gode masa.

Duk da haka, akwai gaskiya a cikin zancen mai ja. Daɗewa a kan mumbari kaɗai ba ta isa hujjar mallakar titi ba. Shekara 40 ta wa'azi bashi ne a wuyan mabiya, su ne za su biya shi ta hanyar sa sunansa a zauren cocinsu ko makarantarsu. Titi kuwa sai wanda amfaninsa ya tsallake katangar majami'a. Asibitin ido da mishan ta SIM ta buɗe a Kano a 1943, wanda yau ke hannun ECWA, ya buɗe idon Musulmi masu ɗimbin yawa. G. P. Bargery, wanda ya shigo ƙasar nan a matsayin ɗan mishan, ya bar ƙamus na 1934 da har gobe ɗaliban Hausa ke ɗorawa a kan tebur. Irin wannan aiki shi ne ma'auni. In Faston ya haƙa rijiyar da kowa ya sha, ya koyar da yaran da bai tambayi addinin iyayensu ba, ya tsaya a tsakani ranar da rikici ke neman tashi tsakanin manomi da makiyayi, to masu bin titin duka suna da dalilin ambaton sunansa. Wannan ma'auni kuma shi ya kamata a riƙa auna Liman da attajiri da ɗan siyasa da shi.

Akwai gwaji mai sauƙi ga duk mai shakka. A watan Yunin 2018, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar Yelwa a ƙaramar hukumar Barikin Ladi ta Jihar Filato ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsare su daga mahara. Da za a sa wa wani titi a Jos sunansa, wane Bakano ne zai ce an yi kuskure? In mun ga dacewar haka a can, ba mu da bakin ƙin makamancinsa a nan.

Abin da ya ƙara wa batun nauyi a yammacin Kano shi ne su wane ne Kiristocin. Da yawansu Hausawa ne, jikokin Maguzawa, waɗanda kakanninsu suka yi noma a wannan ƙasa tun kafin jihadin 1804. Harshensu ɗaya da maƙwabtansu, kasuwarsu ɗaya, fari ɗaya ke cinye musu dawa. Idan sunan Kirista ba ya hawa allo sai a unguwar baƙi irin Sabon Gari, abin da allunan ke faɗa wa yaron da aka haifa a Rogo shi ne shi ma baƙo ne a gidan ubansa.

Sharuɗɗa uku za su tsare lamarin daga son rai. Na farko, a jira sai mutum ya kwanta dama, domin mai rai littafinsa bai rufe ba. Na biyu, a nemi shawarar mazauna titin da mai unguwa da dagaci, don sunan da jama'a ba su karɓa ba a kan allo yake tsayawa. Hukuma ta kira babbar kasuwar Kano da sunan Muhammadu Abubakar Rimi, amma har yau bakin mutane Kasuwar Sabon Gari ya sani. Na uku, a gyara hanyar. A Amurka ɗaruruwan tituna na ɗauke da sunan Martin Luther King, wanda shi ma Faston Baptis ne, kuma an sha kukan cewa da yawansu suna unguwannin da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Rataya sunan mutumin kirki a kan hanyar da zaizaya ta cinye cin fuska ne gare shi.

Idan an cika waɗannan sharuɗɗa, amsar tambayar ita ce e, ya dace. Yaron da ya tashi ya tambayi mahaifinsa ko wane ne mai sunan da ke kan allon nan zai ji labarin rijiya da makaranta da sulhu, ya kuma gane cewa a garinsu aikin mutum ake dubawa kafin a karrama shi.