Numfashin Maƙwabcinka Amana Ne

Littafin Farawa ya koya mana cewa Allah ne ya hura wa mutum numfashin rai, ya kuma sa shi cikin gona domin ya kiyaye ta. Ashe iskar da muke shaƙa a Gwiwa, Roni da Kazaure amana ce a hannunmu.

Idan injin mota ya ɗau zafi, naitirojin da oksijin na cikin iska sukan haɗu, su fito ta salansa sun zama guba mai cin huhu, mai tayar da fuka ga yara da tsofaffi. Domin maganin wannan ne aka sa wata na'ura cikin bututun salansa, wadda makanikai ke kira indomi. Cikinta kamar saƙar zuma yake, an shafe shi da ƙarafa masu daraja. Ɗaya daga cikinsu, rodiyom, shi ke warware gubar ta koma iska marar lahani. Tun 1981 yawancin sababbin motocin Amurka ke fitowa da irinta.

Rodiyom yana da tsada ƙwarai, yawancinsa kuwa daga ma'adinan Afirka ta Kudu ake haƙo shi. Shi ya sa masana ke ta wahalar neman abin da zai yi wannan aiki da tagulla ko baƙin ƙarfe. A manyan motocin dizal na zamani ma ruwan yuriya ake fesa wa hayaƙin, yuriyar nan da muke zubawa a gonar masara.

Amma ga gwaji: saboda tsadar ƙarafan nan, masu saye suna bin gareji-gareji, ana yanke na'urar a sayar. Ku tuna da Isuwa, wanda ya sayar da matsayinsa na ɗan fari saboda abincin yini ɗaya. Kuɗin zai ƙare, hayaƙin kuwa zai ci gaba da shiga ƙirjin yarinya mai talla a bakin hanya da jaririn da ke goye. A 2015 Paparoma Faransis, cikin wasiƙarsa Laudato Si', ya tuna mana cewa matalauta ne suka fi shan wuyar gurɓatar iska.

Saboda haka, direba, kada ka yarda a yanke. Makaniki, cire ta a ɓoye sata ce. Mai sayen mota, ka sa a duba maka. Ƙaunar maƙwabci ta haɗa da numfashinsa.

Ubangiji ya ba mu zuciya mai riƙon amana. Amin.