Alhakin Wa Ke Kan Faɗan Kwikwiyo?

Tambayar ko halitta tana zuwa duniya da mugunta a jininta, ko kuwa reno ne ke cusa mata ita, tsohuwa ce a ilimin falsafa, kuma Bahaushe ya taɓa ɓangarorinta biyu, domin shi ne ya ce hali zanen dutse, shi ne kuma ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A Ingila da Amurka wannan muhawara ta fi zafi a kan karnukan da ake kira pitbul, wato dangin karnuka masu faffaɗan ƙirji da ƙarfin muƙamuƙi, waɗanda ake yawan zargin kwikwiyoyinsu da son danne 'yan'uwansu da kai wa sauran karnuka hari.

Tarihin waɗannan karnuka ya nuna cewa hannun mutum yana cikin halinsu tun asali. A Ingila an daɗe ana zuga karnuka su afka wa bijimin da aka ɗaure domin nishaɗin 'yan kallo, kuma da majalisar ƙasar ta haramta wasan a shekarar 1835, sai masu caca suka karkata ga haɗa kare da kare a cikin rami, abin da ya fi sauƙin ɓoyewa. Sun riƙa haɗa jinin karen bijimi da na ƙananan karnuka masu zafin nama da ake farautar ɓeraye da su, suna zaɓar wanda ba ya ja da baya a faɗa ya zama uban zuriya ta gaba. Daga nan aka kai irin Amurka, inda wata ƙungiyar masu kiwon karnuka ta fara yi masa rajista a 1898. Saboda haka, wanda ya ce gado ba shi da tasiri ya rufe ido ne ga aikin da aka yi da gangan tsawon zuriyoyi masu yawa.

Sai dai gado karkata ce, ba hukunci yankakke ba. Binciken da aka yi a Jami'ar Pennsylvania a 2008 ya sanya pitbul cikin karnukan da suka fi yi wa baƙon kare faɗa, amma bai same shi a sahun gaba wajen yi wa mutane faɗa ba, wanda ke nuna cewa halayen biyu daban suke. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2022, wanda ya shafi karnuka sama da 18,000, ya gano cewa irin kare yana bayyana kusan kashi 9 cikin 100 ne kawai na bambancin ɗabi'a tsakanin wannan kare da wancan. Haka nan, lokacin da hukuma ta ƙwace karnuka kusan hamsin daga gidan faɗan karnuka na ɗan wasa Michael Vick a jihar Virginia a 2007, ɗaya kaɗai aka kashe saboda tsananin faɗa, yawancinsu kuwa suka ƙarasa rayuwarsu a gidajen mutane ko a wuraren kula da dabbobi.

Ra'ayin da ya fi ɓata fahimtar kwikwiyo shi ne ra'ayin mamaya, wanda ke cewa kowane kare yana fafutukar zama shugaban garke, don haka gurnani da cizon wasa na ɗan wata biyu yunƙuri ne na ƙwace mulki, wanda dole mai shi ya murƙushe da ƙarfi. Tushen ra'ayin shi ne nazarin da Rudolf Schenkel ya wallafa a 1947 a kan kyarketai da aka tsare a gidan namun dajin Basel, wanda David Mech ya ƙara yaɗawa a littafinsa na 1970. Mech ɗin da kansa ya warware maganar a 1999, bayan ya ga cewa garken kyarketai a daji iyali ne na uwa da uba da 'ya'yansu, kuma a 2008 ƙungiyar likitocin halayyar dabbobi ta Amurka ta gargaɗi masu horo da su daina dogara da wannan ra'ayi. Kuskurensa na ɗabi'a ya fi na kimiyya girma, domin yana jingina wa dabba niyyar tawaye, sannan ya halatta a shaƙe ta ko a danne ta a ƙasa a matsayin ladabtarwa, alhali tsoron da hakan ke haifarwa yana daga cikin manyan dalilan cizo.

Masana sun nuna cewa daga mako na uku zuwa kusan na goma sha biyu ne kwikwiyo ke koyon zama da wasu, kuma a wasa da 'yan'uwansa yake gane iyakar cizo, tun da wanda ya ciza da ƙarfi abokin wasansa kan yi ƙara ya bar shi. Faɗa na haƙiƙa da sauran karnuka kan bayyana ne daga baya, tsakanin shekara ɗaya zuwa uku, shi ya sa kwikwiyo mai fara'a bai zama lamuni ba, mai gurnani kuma bai zama abin yanke ƙauna ba.

Shari'ar Musulunci ta daɗe da fayyace inda alhaki yake. Dabba ba mukallafiya ba ce, wato ba a ɗora mata umarni da hani ba saboda ba ta da hankalin da ake yin hisabi a kansa, don haka ba a kiran cizonta zunubi. Malamai sun hana zuga dabbobi su yi faɗa da juna, bisa hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito daga Ibn Abbas, kuma wannan hani ya rushe sana'ar da ta samar da pitbul tun daga tushenta. Fikihun Malikiyya, wanda ke ɗaukar kare mai rai a matsayin mai tsarki, ya ɗora biyan ɓarna a kan mai kare mai cizo idan an riga an gargaɗe shi bai ɗauki mataki ba. Hadisin wanda aka gafarta wa saboda shayar da kare mai ƙishirwa kuma ya tabbatar da cewa wannan dabba tana da haƙƙin tausayi.

Idan aka auna ra'ayoyin biyu, na gado da na reno, da wannan ma'auni, za a ga kowannensu hanyar kauce wa nauyi ce. Mai cewa irin mugu ne ya ɗora laifi a kan wanda ba ya ɗaukar laifi, kuma irin wannan tunani ne ya haifar da dokar Birtaniya ta 1991 wadda ke hukunta kare bisa siffar jikinsa. Mai cewa komai reno ne shi kuma ya ba kansa uzurin sakin karensa cikin wasu karnuka ba tare da tsaro ba, har ranar da za a yi ɓarna. Adalci ya wajabta wa mai kiwon iri ya daina haifar da zuriya daga kare mai faɗa, ya wajabta wa mai reno ya saba wa kwikwiyo da mutane da dabbobi cikin sauƙi da lada, ya kuma wajabta wa mai riƙo ya yi amfani da igiya da takunkumi idan alamu suka bayyana. Wanda ba zai iya sauke wannan nauyi ba bai cancanci ya ajiye irin wannan kare ba, domin duk jinin da ya zuba, a wuyan mutum yake.