Ziyarar Kaburburan Mawaƙa da Masu Fasaha a Ma'aunin Shari'a

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, tambaya ta yawaita daga matasanmu na Yamai: shin ya halatta mutum ya shiga makabarta, kamar ta Yantala, da nufin ziyartar kabarin wani mawaƙi ko ɗan wasa da yake ƙauna?

Haƙiƙa ƙasarmu ta yi rashin masu fasaha da dama. Umaru Ganda, wanda fim ɗinsa ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972, ya rasu a 1981, kuma an sa wa wata cibiyar al'adu ta Yamai sunansa. Malam Maman Barka, mai kaɗa biram, ya rasu a 2018. Hamsu Garba ta rasu a 2022. Jiya ana cika fili domin su, yau kowannensu yana kwance shi kaɗai da aikinsa.

Ku sani, asalin ziyarar kabari halas ne. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya hana ta da farko, daga baya ya yi izini, saboda tana tuna wa mutum Lahira. Amfaninta biyu ne: mai rai ya wa'aztu, mamaci ya samu addu'a. A nan babu bambanci tsakanin kabarin malami da na makaɗi, matuƙar Musulmi ne.

Sai dai mutane sun kasu kashi biyu, kuma kowane kashi ya kauce. Na farko sun wuce iyaka wajen ƙauna. Za ka ga ana kunna waƙar mamaci a waya a bisa kabarinsa, ana ɗaukar hoto ana dariya, ana tattaka kaburburan bayin Allah domin a kai ga na shahararre. Wasu har suna shafar ƙasar wurin, wai ko sa samu murya ko farin jini. Subhanallahi! Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa gumakan mutanen Annabi Nuhu (AS) sunayen mutanen kirki ne, waɗanda aka kafa wa alamu don tunawa, har zamani ya shuɗe aka koma bauta musu. Ta ƙofar ƙauna shirka ta fara shigowa duniya. Kuma hadisin Jabir ya hana shafe kabari da farar ƙasa, da yin gini a kansa, da zama a kansa.

Kashi na biyu kuwa sun wuce iyaka wajen tsanani. Da an ambaci mawaƙin da ya rasu, sai su yanke masa hukuncin wuta, su ƙi roƙa masa gafara. Wa ya ba su mabuɗin Aljanna? Nana A'isha (RA) ta ruwaito hani a kan zagin matattu, domin sun riga sun iske abin da suka gabatar. Saɓanin malamai game da kiɗa daban, haƙƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa daban.

Saboda haka, in za ka je, ka shiga da natsuwa. Ka yi sallama ga dukkan mazauna makabartar, ka roƙa musu gafara, kada ka roƙi komai daga gare su. In ƙaunar gaskiya kake yi wa marigayin, ka bincika ko ya bar bashi ko marayu, ka taimaka, ka yi sadaka a madadinsa. Tafi da kirari sun daina isa gare shi, amma addu'a tana isa da izinin Allah.

Allah Ya gafarta wa mamatanmu, Ya haskaka kaburburansu, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.