Idan Ciyar Da Dabbar Gida Ya Gagara, Rabuwa Da Ita Cin Amana Ne?



Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, har tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, akwai wata tambaya da mutane ke yi a ɓoye, don suna jin nauyin a ce sun damu da dabba alhali ga bayin Allah na kwana da yunwa. Wani doki ne da shi a turke, ya saye shi lokacin da hannu ke da maiƙo, yau buhun dusa da damin harawa sun fi ƙarfinsa. Wata mage ce ta shekara biyar a ɗakinta, da ragowar tuwo take rayuwa, yanzu tukunyar ba ta barin ragowa. Wani saurayi ne da ɗakin tattabaru, kwanon geron da yake watsa musu shi ne kunun ƙannensa. Duk tambayar ɗaya ce: Malam, in na sayar, ko na ba wani, na ci amanarta?

Da farko dai, kada kowa ya yi wa mai wannan tambaya dariya. Anas ɗan Malik yana da ƙane ƙarami, Abu Umair, wanda ke da ɗan tsuntsu yana wasa da shi. Da tsuntsun ya mutu yaron ya shiga damuwa, sai Manzon Allah (SAW) ya riƙa tambayarsa labarin tsuntsun cikin raha da lallashi. Bukhari da Muslim sun kawo asalin ƙissar. Bai ce masa ai tsuntsu ne kawai ba. Don haka ƙuncin da kake ji a ƙirji idan ka tuna za a kwance dokin nan a tafi da shi, ba rashin tawakkali ba ne, rahama ce Allah Ya sa maka.

Amma fa mu gane mece ce amanar. Da yawanmu mun ɗauka amanar ita ce dabbar ta ci gaba da zama a gidanka har ta mutu. A shari'a ba haka ba ne. Amanar da ke wuyanka ita ce cinta, da shanta, da inuwarta, da maganinta. Matar nan da Annabi (SAW) ya ba da labarin ta shiga wuta saboda mage, a hadisin Ibn Umar, ai ba sayar da magen ta yi ba, ba kuma kyautar da ita ta yi ba. Riƙe ta ta yi! Ta kulle ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi ƙwarin ƙasa ba, har ta mutu. Riƙon shi ya kai ta wuta. Ka tsaya ka yi tunanin wannan sosai, kai da kake cewa son da kake yi wa dabbarka ne ya hana ka rabuwa da ita, alhali ana ƙirga haƙarƙarinta daga bakin zaure.

Haka ƙissar raƙumin nan da Abu Dawud ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Ja'afar. Annabi (SAW) ya shiga gonar wani mutumin Madina, raƙumi ya gan shi ya yi kuka, idanunsa na zubar da hawaye. Ya shafa shi har ya natsu, ya nemi mai shi, ya gargaɗe shi da ya ji tsoron Allah game da dabbar da Allah Ya mallaka masa, domin ta kai ƙararsa cewa yana barin ta da yunwa yana kuma wahalar da ita. Dokin da ke barga a unguwarku ba shi da wanda zai kai wa ƙara a duniya. Amma ranar da zai kai tana nan tafe.

Malaman fiƙihu ba su bar maganar a wa'azi kawai ba, sun mai da ita hukunci. A Mukhtasar na Shehu Khalil, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita matuƙar babu makiyayar da za ta ƙosar da ita, in ya ƙi ko ya kasa, sai a sayar da ita. Shafi'iyya da Hanabila ma sun ce a tilasta masa ɗayan uku: ya sayar, ko ya ba da ita haya a ciyar da ita daga kuɗin, ko ya yanka in irin wadda ake ci ce. Imamu Abu Hanifa ya ce za a umarce shi tsakaninsa da Allah ba tare da alƙali ya tilasta ba, almajirinsa Abu Yusuf kuma ya ce a tilasta. Ka ga kenan sayarwar nan da kake ganin kamar zunubi, ita ce mafitar da malamai suka fara ambata. Babu wanda ya ce a bar ta a turke tana cin igiya.

To, ga inda na fi son mu daɗe. Sau da yawa ba ƙauna ce ke hana mu sayarwa ba, idon mutane ne. Mutum an san shi da hawa, duk sallah sai ya fita da doki an yi masa kwalliya, yara na bin sa. Yau in aka ji ya kai shi Maigatari, me za a ce? Za a ce Alhaji ya karye. Sai ya gwammace ya rage cefane, ya jinkirta kuɗin makarantar yara, ya ci bashin mai dusa yana ɓuya, don kawai kada a ga turke babu kowa. Hausawa sun ce girman kai rawanin tsiya. Alhali tsarin ciyarwa a Musulunci a fili yake, kamar yadda ya zo a hadisin Jabir a Sahihu Muslim: mutum ya fara da kansa, sannan iyalinsa, sannan danginsa, in wani abu ya saura sai sauran wurare. Wanda ya ƙuntata wa matarsa da 'ya'yansa don ya riƙe dabbar ado, su biyun ya zalunta, don wallahi a ƙarshe ita ma dabbar ba ƙoshi za ta yi ba. Rabi-rabi za a yi, gida ba daɗi, barga ba daɗi.

Ban ce da an ji matsi a ruga kasuwa ba. In akwai dabara, a yi. Wani ya kai dokinsa ƙauye wurin ɗan'uwa har kaka ta yi. Wani ya rage tattabarun daga hamsin zuwa goma. Wata ta yi magana da maƙwabciya ana tara wa magen ƙashin kifi. Lada ne babba, tunda Annabi (SAW) ya sanar da sahabbai, bayan ƙissar mutumin da aka gafarta wa saboda shayar da kare, cewa akwai lada a kyautata wa duk mai rai. Maganata a kan wanda dabara ta ƙare masa ce.

Abin da ba ya halatta shi ne wanda ya fi sauƙi, kuma shi muka fi yi. A zuba mage da 'ya'yanta a buhu, a ba yaro ya kai bola ko bayan gari ya yar. A kai kare wata unguwa mai nisa a sake shi, yara su bi shi da jifa. Dabbar da ta saba da kwano tun tana ƙarama, ka sake ta a titi, hukuncin kisa ka yanke mata, sai dai ba ka son ka ga gawar. Wani zai ce ai hadisin magen ya nuna sakinta ya fi. Ya fi kullewa da yunwa, e, kuma magen da ta saba farauta a inda akwai abin farauta za ta rayu. Amma 'yan jariran da ido bai buɗe ba fa? Akun da aka yanke wa fiffike fa? Ibn Mas'ud ya ba da labarin yadda suka ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta biyu a wata tafiya, ta zo tana ta kaɗa fiffike, Annabi (SAW) ya umarce su su mayar mata. In za ka bayar, ka bari a yaye, ko ka bayar da uwa da 'ya'ya tare.

Sai maganar kuɗi. Doki, rago, zomo, tattabara, sayar da su babu matsala. Kare kuwa an hana cin kuɗinsa a hadisin Abu Mas'ud da ke Bukhari da Muslim. Ibn Abi Zaid ya ambaci hanin a Risala, ya kuma nuna an yi saɓani a kan wanda aka yi izinin riƙewa, kamar na gadi da na farauta. Sahnun ya halatta sayar da irin wannan, Hanafiyya ma haka, amma mashhurin mazhabar Malik hani ne. Mage ma akwai hadisin Jabir a Muslim da ke tsawatarwa a kan kuɗinta. Mafi yawan malamai sun ɗauke shi a matsayin karhanci, Ibn Hazm da Ibnul Ƙayyim suka ce haramci ne. Ni abin da nake gani, waɗannan biyun a bayar da su kyauta ga wanda zai riƙe, an fita daga saɓani. Dama nauyin ciyarwa kake son saukewa, ba jari kake nema ba.

Kuma ka duba hannun da za ka saka ta. Kada ka ba wanda ka san karo zai riƙa haɗawa da ragonka ana caca, ko wanda zai ɗaura wa dokin sukuwa amalanke har bayansa ya tsage. In tana da ciwo ko wani hali, tana harbi ko tana cizo, ka faɗa. Ɓoye aibi yana cire albarkar ciniki, kuma ita dabbar ce za ta sha duka a hannun wanda ya ji an cuce shi.

Yanzu kai mai saye, kai ma akwai taka. Jabir ɗan Abdullahi saurayi ne da mahaifinsa ya yi shahada a Uhudu a shekara ta 3 bayan hijira, ya bar masa bashi da ƙanne mata. A hanyar dawowa daga wata tafiya raƙuminsa ya gaji tiɓis, har ya yi niyyar sakinsa. Annabi (SAW) ya riske shi, ya yi addu'a ya zaburi raƙumin, ya miƙe da tafiyar da bai taɓa yi ba. Sannan ya nemi ya sayar masa. Suka yi ciniki, Jabir ya sa sharaɗin zai hau har Madina. Da suka isa aka auna masa kuɗinsa, har da ƙari, ya juya zai tafi, sai Annabi (SAW) ya sa aka kira shi, ya ce ya tafi da kuɗin da raƙumin duka. Dubi yadda aka taimaki mabuƙaci ba tare da an sa shi ya miƙa hannu ba. Mu kuwa da mun ji labarin wane ya matsu, sai mu ce dama ta samu, dokin da ya kai miliyan a taya shi rabi, don an san gobe mai gidan haya zai zo. Cinikin zai iya ƙulluwa a zahiri, amma ina 'yan'uwantakar?

A ƙasashe irin su Ingila akwai gidajen da ake kai dabbar da mai ita ya gaza. Mu ma muna da tarihin haka. Dakta Mustafa Siba'i ya ambaci wani fili a Dimashƙa da aka yi waƙafinsa don tsofaffin dabbobin da suka daina aiki su yi kiwo har su mutu. Yau a garuruwanmu maƙwabci shi ne wannan waƙafin. In kana da yalwa kuma ka ga turken ɗan'uwanka ya bushe, ka aika da dami biyu na harawa ba sai ya roƙa ba. Ko ka ce ya kawo dokin gidanka ya ci tare da naka, ranar da Allah Ya buɗa masa ya zo ya kwance abinsa. In kuma saye za ka yi, ka biya kuɗin da za ka biya wanda bai matsu ba, ka bar ƙofa a buɗe yaransa su riƙa zuwa suna ganinsa ranar Juma'a.

Wallahu a'alam.