Ruwan Da Ka Kora Daga Gidanka, Gidan Wa Ya Nufa?

Duk damina idan katanga ta rufta wa yara a Birnin Kudu ko Gwaram, magana ɗaya muke yi a zaman makoki: ƙaddara ce. Haka ne, ba mai wuce ajalinsa. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa a ambaliyar 2022 da ta 2024. To amma abin da ke damuna shi ne, kalmar ƙaddara tana wanke wanda ya toshe wa ruwa hanya?

Iyayenmu ba su shiga ajin injiniya ba, amma sun san halin ruwa. Inda suka haƙi ƙasar tubali, nan ke zama kududdufi, ruwan unguwa ya taru a ciki. Kafin faɗuwar ruwa a sake yaɓe, a shafe soro da makuba, a gyara indararo. Yau an cike kududdufin da shara, an yanka shi fuloti-fuloti. Shi kuwa ruwa bai san da cinikin ba. Ya zo ya tarar da gini a mazauninsa, sai ya zarce gidan ƙasar da ke gangare, ya jiƙa gindin bango kwana da kwanaki har ya zube cikin dare.

Dillali zai ce maka, Malam, ai jama'a na neman muhalli. Ban musa ba. Samari na son aure, fili ya yi tsada, siminti ya fi ƙarfin talaka, dole mutum ya nufi inda ya fi araha. Ni dai ba na ganin laifin mai saye sosai. Amma wanda ya kai shi ya ga fili da rani, ƙasa a bushe ƙarau, alhali ya san a watan Agusta wurin tafki ne, ya yi shiru, wallahi wannan ya ɓoye aibin haja. Hukuncinsa a fiƙihu sananne ne: mai saye na da haƙƙin mayarwa. Sai dai wa zai mayar masa da ɗansa?

Kada ma a ɗauka sabuwar magana ce. Ibnur Rami, wani magini Bamalike a birnin Tunis a ƙarni na takwas bayan Hijira, littafi guda ya rubuta kan hukunce-hukuncen gini, har da mas'alar indararo da magudanar ruwa tsakanin maƙwabta. Sayyidina Umar kuma ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba. Wa ya fi shi tawakkali a cikinmu?

Kai kuma Alhaji da ka ɗaga daɓen ƙofar gidanka, ka malale da siminti, ka juya kwata ta fuskanci gidan marayu, ka tsira, madalla. Ka taɓa zagayawa bayan ruwa ya ɗauke ka ga inda ya kwana?

Gyaran bai kai yadda muke tsoro ba. Gidan ƙasa ba ya faɗuwa don ƙasa ce, sai don gindinsa ya zauna cikin ruwa. A yi harsashi da dutse, ga shi Allah Ya hore mana duwatsu a Birnin Kudu, a ɗaga shi sama da inda ruwan bara ya tsaya, a bar wa kwano baki ya kare bango. Kwamitocin masallatanmu da ke tara kuɗin tayil, ku fara ƙirga gidajen zawarawa da tsofaffin da bangonsu ya tsage a unguwa, tun yanzu da sauran rani.