Ranar da Kanwa Ta Yi Magana

A wata ƙaramar sakandare ta gwamnati an yi wata malamar kimiyya da ba ta yarda da karatun allo zalla. Makarantar ba ta da takardar litmus, don haka da aka zo darasin asid da bes sai ta jiƙa zoɓo a gida, ta zo da shi a jarka, haɗe da lemon tsami da jiƙaƙƙiyar kanwa. In aka ɗiga lemo a ruwan zoɓo sai ja ya ƙara haske, in aka zuba kanwa sai ya yi duhu ya karkata zuwa kore, saboda sinadarin da ke ba zoɓo launi yana sauyawa da ƙarfin tsami. Yara suka yi ta shewa.

Yaro ɗaya ne bai yi shewa ba. Makaho ne, ya yi firamarensa a makarantar makafi, kuma a nan shi kaɗai ne mai larurar gani. Tun da shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu nakasa a Janairun 2019, doka ta ba irinsa damar zama a makarantar kowa da kowa. Sai dai doka kujera take bayarwa, abin da za a yi a kan kujerar yana hannun malami. Malamar ta zaunar da shi a gaba, ta haɗa shi da wata yarinya mai gaya masa abin da ke faruwa.

"Yanzu ya zama ja," in ji yarinyar. "Yanzu kuma kore."

Shi kuma yana ɓula takardarsa da tsinken rubutun Braille, ƙwas ƙwas. A gwajin mako ya ci goma cikin goma, malamar har ta yaba masa a gaban aji. Da aka tashi sai ya tsaya a bakin tebur.

"Malama, don Allah ina da tambaya. Ni ja da kore sunaye ne kawai a wurina. Na haddace. Amma mene ne yake faruwa a cikin kofin?"

Ta buɗe baki za ta ce launi ne ke sauyawa, sai ta ji amsar ba ta fita. Abin da ya fi damunta a hanyar gida shi ne, da ta jefa wa masu ido wannan tambayar, su ma iyakarsu ke nan: ja da kore.

Washegari ta kira shi lokacin tara, ta ajiye masa kofuna biyu, na lemo da na kanwa, ta ce ya taɓa, ya jawo ƙamshin da tafin hannu zuwa hanci, kada ya ɗanɗana. Garin lalube ya tuntsurar da lemon cikin kanwar. Ta yunƙura za ta ɗauke, ya ɗaga hannu.

"Tsaya, Malama. Ji. Wannan ai tukunyar Inna ce. In miyar yakuwa ta yi tsami tana jefa kanwa, sai ta yi wannan shuuu ɗin, ta taso. In ta yi shiru, tsamin ya mutu."

Malamar ta kai kunne. Shekara da shekaru tana wannan haɗi, ba ta taɓa sauraronsa ba. Kanwa tana ɗauke da sinadaran kabonet, idan asid ɗin lemo ya same su sai iskar kabon dayoksaid ta fita cikin ƙananan kumfa, kuma kowane kumfa da ya fashe yana da ƙara. Launin zoɓo shaida ɗaya ne kawai. Ga wani shaidan nan, da ma yana wurin, ba a taɓa kiransa ba.

A wannan makon ta sake shirin darasin tun daga tushe. Ta sayo sirinji a kemis, ta cire allurar, ta ɗauki reza ta yi tsaga a jikin sandar da ake ja, daidai inda ruwa ke kai mililita 5. Yaron zai ja har farcensa ya faɗa cikin tsagar, ya san ya auna daidai ba tare da ya ga lamba ba. Ta liƙa zare a wuyan kwalbar lemo, ta bar ta kanwa sumul. Ta sa komai cikin faranti mai baki, kowane abu da mazauninsa, ta kuma kafa wa aji doka cewa wanda ya ɗauki abu ya mayar inda ya same shi, ya faɗa da baki. Ta ba shi tabarau na kariya kamar kowa. Wani ya yi dariya, ta ce ido ko ba ya gani yana jin zafi.

Shugaban makarantar ya leƙo ya ce, "Malama, wannan wahalar duk don yaro ɗaya? Ai kimiyya sai da ido."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, a Cambridge ta Ingila an yi wani Nicholas Saunderson, agana ta makantar da shi yana ɗan shekara ɗaya. A 1711 aka ba shi kujerar farfesan lissafi da Isaac Newton ya taɓa zama a kai, kuma cikin abin da yake koyarwa har da ilimin haske." Shugaban ya ce to Allah ya taimaka, ya wuce. Bai ba da ko sisi ba, amma bai hana ba, wanda a makarantar gwamnati ba ƙaramin abu ba ne.

Ranar darasi aka raba yara rukuni-rukuni. Kowane rukuni ya zuba kanwa da zoɓo a gwangwani, ana ƙara lemo sirinji-sirinji ana ƙirgawa. A rukuninsu yaron ne mai sirinji, yarinyar da a da take masa tafinta ita ce mai rubutu. Ya sunkuya, kunnensa kusa da gwangwanin. Ya zuba, ya jira, ya zuba. Can sai ya ce, "Kanwar ta ƙare."

"Ƙarya ne, bai gama ja ba," in ji wani.

"Ƙara ɗaya mu ji."

Ya ƙara. Babu shuuu. Ruwan kuwa ya rine ja. Sauran rukunan da suka zuba wa launi ido sun yi ta gardama, wannan ya ce ja ne, wancan ya ce ruwan hoda ne, har wasu suka zarce da sirinji uku. Malamar ta sa aka sake, wannan karon kowa ya rufe ido. Ajin da ba ya shiru sai da bulala ya yi tsit, yara sun dunƙule kai a kan gwangwanaye. Daga baya aka yi haɗin a kwalba aka ɗaura balan-balan a baki, kowa ya kama ya ji yadda yake kumbura a tafin hannunsa. Yarinyar ta ce, "Ashe iska ce ke fita! Ni na ɗauka launi ne kawai."

Da zango ya ƙare, malamar ta karanta wa yaron jerin darussan zango mai zuwa: zafi, sauti, haske, maganaɗisu. Ta ce ya je hutu ya yi tunanin yadda za su yi kowanne.

Ya ce, "Sauti ki bar mini, Malama. Haske kuma ki zo da baƙin ƙyalle da fari, mu shanya a rana, in gaya miki wanne ne wanne."